Wa Ke da Waƙar da Aka Sake Rerawa? Haƙƙin Naɗa da Rabon Magada a Kan Iyakar Bagudo da Benin

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an sami yawaitar matasan mawaƙa masu ɗauko waƙoƙin magabata su shiga situdiyo da su, su ɗora musu kiɗan fiyano, su fitar da su a matsayin sabon aiki. Wani yakan ɗauki waƙar ɗungurungum. Wani yakan ɗauki gindinta da karin muryarta ya zuba nasa ɗiyan. Wani kuwa sunan basaraken da aka yi wa ita kawai zai cire, ya sa na ɗan takarar da ya ba shi kwangila. Manazarta sun yi rubuce-rubuce a kan wannan ta fuskar salo da tasiri da zamanantar da waƙar baka, amma ba kasafai ake tsayawa a kan tambayar da ta fi shafar iyalan masu waƙoƙin ba, wato wa aka nemi izininsa, kuma wa aka biya?

Ra'ayin da wannan maƙala take karewa shi ne: sake rera waƙar wani abu ne mai kyau da bai kamata a toshe ƙofarsa ba, amma naɗar ta a na'ura domin neman kuɗi yana ɗauke da haƙƙi, kuma haƙƙin nan ba zai taɓa isa ga masu shi ba muddin masana Hausa ba su yi aikin da ba wanda zai iya yin sa sai su. An zaɓi a dubi al'amarin daga Bagudo da iyakarta da Jamhuriyar Benin, domin a nan ne giɓin da ke tsakanin doka da rayuwar waƙa ya fi fitowa fili.

Asalin Haƙƙin Naɗa

A kowane faifai ko kaset ko fayil na waƙa akwai dukiya iri biyu. Akwai ita kanta waƙar, wato kalmominta da karin muryarta, wadda ta mai ƙirƙira ce. Akwai kuma naɗin, wato wannan murya da wannan kiɗa da aka ɗauka a rana kaza, wanda yawanci na wanda ya ɗauki nauyin naɗar ne. Mai sake rera waƙa bai taɓa naɗin farko ba, nasa ya yi sabo, amma ya yi amfani da waƙar. Izinin da yake buƙata shi ne wanda za a kira lasisin naɗa, kuɗin da yake biya a kan kowane kwafi kuwa shi ne ladan mai waƙa.

Wannan haƙƙi na'ura ce ta haife shi. A 1908 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa naɗaɗɗiyar takardar nan mai huji-huji da ake sa wa fiyano ya kaɗa kansa ba kwafin waƙa ba ce, don haka masu buga ta ba su da abin biya. Shekara ɗaya bayan haka, a 1909, majalisar ƙasar ta yi dokar da ta ba mai waƙa haƙƙi a kan irin wannan amfani. Sai dai saboda tsoron kada kamfani guda ya saye dukkan waƙoƙi ya hana saura, sai aka haɗa haƙƙin da sharaɗi: da zarar mai waƙa ya yarda an naɗe ta an sayar sau ɗaya, to kowa yana iya naɗar tasa ba tare da roƙo ba, in dai ya sanar kuma ya biya senti 2 a kan kowane kwafi. Senti biyun nan bai motsa ba har 1978. Ya kai senti 9.1 a 2006, ya koma senti 12 a 2023. Ingila ta bi irin wannan hanya a dokarta ta 1911 da kashi 5 cikin ɗari na farashin faifai, ta ɗaga shi zuwa kashi shida da kwata a 1928, sannan ta soke tsarin a 1988.

Nijeriya daga Ingila ta gaji tsarin. Dokar 1911 ce ta yi aiki a nan har aka yi dokar soja ta 1970, aka sake ta a 1988, sannan aka zo ga Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Tanadin da ke ciki shi ne mai naɗa yana iya naɗar waƙar da aka riga aka naɗa domin sayarwa da yardar mai ita, in ya ba da sanarwa kuma ya biya wani kaso na farashin sayarwa. Haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu, na naɗi kuwa shekara 50 ne. Ma'anar wannan a aikace ita ce waƙoƙin Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, suna da masu su har ƙarshen 2061. Na Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, har 2069. Na Hajiya Barmani Coge har 2083. Na Ɗanmaraya Jos har 2085. Faifan da kamfanin EMI ya naɗa wa Shata a farkon shekarun 1970 yana iya zama wa'adin naɗinsa ya cika, amma waƙar da ke cikinsa tana da sauran fiye da shekara arba'in a hannun magada.

Bagudo: Inda Waƙa Ba Ta San Shinge Ba

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana yammacin Jihar Kebbi, cikin masarautar Gwandu, Kogin Kwara ya ratsa ta. Garuruwanta irin su Illo da Lolo da Tsamiya da Ka'oje suna fuskantar yankin Alibori na Benin, inda Segbana da Malanbil da Kandi suke. Tun kafin zuwan Turawa Illo zango ce a kan hanyar fataken goro zuwa Gwanja. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta tsaga ƙasar Bargu gida biyu, Illo ta faɗo hannun Ingilishi, Nikki ta tafi hannun Faransa. Layin ya raba hukuma, bai raba dangi ba. Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Bokawa suna nan a kowane gefe, suna aurayya, suna cin kasuwa ɗaya, kuma Hausa ce take haɗa mafi yawan cinikinsu.

Waƙa ma haka take. Makaɗin da ya yi wasa a bikin Lolo yau, jibi yana iya kasancewa a Malanbil. Waƙoƙin fada na ƙasar Kabi da Yawuri irin na gidan Aliyu Ɗandawo, da na Gambu Fagada, da na dambe irin na Ɗan'anace, ana sauraren su a zangon Kandi da Paraku kamar yadda ake sauraren su a Birnin Kebbi. A da kaset ne yake ɗauke da su a cikin kayan direbobi. Yanzu katin waya ne: mutum ya miƙa wayarsa a rumfar masu caji da tura waƙoƙi, a cika masa ita da ɗaruruwan fayiloli, na tsohon makaɗi da na yaron da ya sake rera shi duk a haɗe. Ko lokacin da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019, shinkafa da man fetur aka tsare, ba wanda ya tsare abin da ke cikin aljihun ɗan acaɓa.

Ga shi kuwa a ƙetaren layin wata doka ce daban. Benin ta bi tafarkin Faransa, tana cikin ƙungiyar OAPI da aka kafa bisa Yarjejeniyar Bangi ta 1977, tana kuma da hukumar gwamnati guda, BUBEDRA, mai karɓa da raba ladan masu fasaha, kamar yadda Nijar take da BNDA. Nijeriya ba ta cikin OAPI, kuma ƙungiyoyi masu zaman kansu ne suke wannan aiki da lasisin Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka. Su ma sun kwashe shekaru suna tsugune-tashi: an amince da COSON a 2010, an amince da MCSN a 2017, aka dakatar da lasisin COSON a 2018. Duka biyun a Legas suke, kuma da Ingilishi suke aiki. Hanya tsakanin Ikeja da gidan marigayi makaɗi a ƙauyen Kabi ta fi hanyar Tsamiya zuwa Segbana tsawo nesa ba kusa ba.

Abubuwa Huɗu da Doka Ta Ɗauka Akwai Su

Matsalar ba rashin doka ba ce. Matsalar ita ce an ɗinka rigar ne a jikin wata sana'a daban.

Na farko, doka ta ɗauka cewa waƙa tana da mai ita guda wanda aka sani. A kiɗan ƙungiya na Hausa akwai jagora, akwai 'yan amshi masu karɓi da ƙari, akwai makaɗan da suke tsara rauji, akwai kuma sanƙira. Sanannen abu ne cewa a wasu ƙungiyoyin fada a kan zauna ne a shirya waƙa tare, ɗan amshi ya kawo ɗa ko ya gyara wani. Idan za a raba lada, to a wane ma'auni? Idan aka miƙa duka ga 'ya'yan jagora, an gyara zalunci ɗaya an kafa wani.

Na biyu, doka ta ɗauka cewa akwai kwafi da ake ƙirgawa da farashin da ake cire kaso a cikinsa. A rumfar tura waƙoƙi ba a sayar da waƙa ɗaya-ɗaya, cika kati ake yi. Daga nan kuma ta bi Bluetooth da WhatsApp kyauta. Ribar mai sake rerawa ba a kwafi take ba. Tana cikin kuɗin da ɗan siyasa ya biya shi, da liƙin da aka yi masa a biki, da abin da YouTube ko Audiomack suka turo masa. Kaso daga farashin faifai ba shi da ma'ana a inda ba faifai.

Na uku, dokar Nijeriya ba ta kare waƙa sai an adana ta a wani mazubi, a rubuce ko a naɗe. Dokokin da suka bi Faransa kuwa suna kare aiki ne tun daga ƙirƙirarsa. Ke nan waƙar da wani makaɗin noma ya yi shekara talatin yana rerawa a gayya ba a taɓa naɗar ta ba, tana iya samun mafaka a gaban doka a Segbana ta rasa ta a Tsamiya. Mafi muni shi ne wanda ya fara shiga situdiyo da ita shi ne zai riƙe takarda a hannu.

Na huɗu, lasisin da ba ya buƙatar roƙo an yi shi ne domin wanda zai rera waƙa yadda take. Dokar Amurka ta fito fili ta ce ba a yarda a sauya ainihin karin waƙar ko halinta ba. To, mafi yawan abin da ake yi a ƙasar Hausa sauyawa ne. Wanda ya ɗauki waƙar da aka yi wa sarki ya juya ta ga ɗan takara, ko ya mayar da zambon da aka yi wa wani ɗan sarki ya zama zagin abokin hamayya, ya fita daga maimaici ya shiga juyi, wanda yake buƙatar yardar masu waƙa kai tsaye. A nan abin da ake taɓawa ya wuce kuɗi, ya kai ga mutuncin mamaci da dangantakar gidansa da fadar da ya yi wa bauta.

Hujjojin Masu Ja

Akwai masu cewa waƙar baka ta al'umma ce, kuma da aro take rayuwa. Ɗanƙwairo ya gaji kiɗa daga mahaifinsa, ya yi wa yayansa Kurna amshi. Ba wanda ya fara daga sarari. Wannan gaskiya ne, amma rabinta ce. Al'adar da ta halatta aro ita ce kuma ta kafa masa ladabi. Yaro yakan yi shekaru yana amshi kafin ya kafa tasa ƙungiya da sallamar maigidansa. Mai rera waƙar wani yakan ambaci mai ita ya yi masa addu'a. Abin da aka samu a fage akan raba shi bisa matsayi, a kuma kai wa manya nasu. Makaɗan fada kuwa sun san waƙar wane sarki ce ba a kai ta wata ƙofa. Abin da situdiyo ya yi shi ne ya riƙe aron ya yar da ladabin. Don haka neman lada ba baƙon abu ne da aka shigo da shi daga Turai ba, tsohon tukuici ne ake nema masa sabuwar hanya.

Akwai masu cewa Hausawa su ne na ƙarshe da ya kamata su ɗaga wannan magana, tun da masana'antar fim da waƙa ta Kano ta ginu a kan karin waƙoƙin Indiya, kamar yadda Abdalla Uba Adamu ya yi bayani a ayyukansa, Brian Larkin kuma ya nuna a nazarinsa na bandiri. Amsa ita ce wannan hujja ce ta a gyara duka biyun. Kuma tarihi ya nuna wanda yake asara idan aka bar abin sakaka. Solomon Linda na Afirka ta Kudu ya naɗi waƙarsa «Mbube» a 1939, aka sake rera ta a Amurka ta zagaye duniya, shi kuwa ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai a 2006 magadansa suka sami sulhun da ya ba su rabo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ɗaya gefen kuma ga Angélique Kidjo, 'yar Benin, wadda ta sake rera kundin ƙungiyar Talking Heads gaba ɗaya a 2018, sunayen masu waƙoƙin suna nan a jiki, ba wanda ya kira ta ɓarauniya. Tsari mai kyau yana sauƙaƙa aro ne.

Akwai kuma masu shakka ta fuskar addini, ko fasaha tana zama dukiya. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta zartar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta su. Saɓanin malamai a kan kiɗa wata mas'ala ce daban, kuma bai shafi dubban waƙoƙin bege da na wa'azi da rubutattun waƙoƙi da su ma ake sake rerawa ana sayarwa ba.

Kalmar «Gargajiya» da Haɗarinta

A nan ne maganar ta iso ƙofar masana. Dokar Nijeriya ta keɓe wani babi ga fasahohin al'umma da ba a san mai su ba, ta sa ikon ba da izinin kasuwanci da su a hannun Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka. Waƙoƙin daka da niƙa da gaɗa da tashe da reno nan ne muhallinsu. Amma a bakin jama'a, har ma a wasu rubuce-rubuce, «waƙar gargajiya» ta haɗe waƙar tashe da Bakandamiyar Narambaɗa a kwando ɗaya. Da zarar an kira waƙa ta gargajiya, mai situdiyo ya ji cewa ba ta da uba. Yana kuma cike fom ɗin kamfanin da zai ɗora masa ita a intanet, sai ya rubuta sunansa a gurbin mai ƙirƙira. Na'urar YouTube mai gane sauti ba ta san tarihi ba, wanda ya fara rajista ta sani. Ana iya wayar gari jikan makaɗi ya ɗora waƙar kakansa da muryarsa, kuɗin tallar ya tafi ga wani.

Maganin wannan yana kan kantocin sassan Hausa. Tun daga kundin digiri na uku na Ɗandatti Abdulƙadir a kan Shata a 1975, zuwa ayyukan Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗa da mawaƙan Hausa, da littafin Aliyu Muhammad Bunza a kan Narambaɗa, da ɗimbin kundayen ɗalibai a Sakkwato da Kano da Zariya da Katsina, an riga an tattara sunayen makaɗa da 'yan amshinsu da shekarun rasuwarsu da matanin waƙoƙinsu. Wannan shi ne ainihin bayanin da duk wata hukumar raba lada take buƙata, kuma ba ta da shi. Amurka kanta, da ta kafa sabuwar cibiyar tara ladan naɗa bisa dokar 2018, babban abin da aka ɗora wa cibiyar shi ne gina rumbun bayanan da zai haɗa kowane naɗi da mai waƙarsa, domin ba a biyan wanda ba a sani ba.

Shawarwari

Na ɗaya, sassan Hausa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello, tare da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, su haɗa kai su buɗe rajistar waƙoƙin baka a intanet: sunan waƙa, mai ita, ƙungiyarsa, wanda aka yi wa ita, naɗin farko da aka sani, shekarar rasuwa, da wakilin da magada suka amince da shi. A fara da ƙasar Kabi da Dandi, inda tsofaffin 'yan amshi suke ƙarewa ba a ji ta bakinsu ba. Tsofaffin naɗe-naɗen Rediyon Kaduna da Rediyon Rima su zama shaida.

Na biyu, a samar da takardar lasisi mai shafi ɗaya da Hausa, a boko da ajami, mai kuɗi ƙayyadadde da ƙaramin mawaƙi zai iya biya, da kaso sananne na abin da ya shigo daga intanet ko kwangila. Wanda zai rera waƙa yadda take ya biya ya wuce, magada ba su da ikon hana shi. Wanda zai juya ta ya nemi yarda. A kowane hali sunan mai waƙa ya fito a rubuce kuma a ambace shi.

Na uku, a bar farautar masu tura waƙoƙi da 'yan sanda. Kusan kowace kasuwa suna da ƙungiya da shugaba. A yi lasisin bai-ɗaya da ƙungiyoyinsu, kuɗi kaɗan a wata, a haɗa da harajin na'urorin kwafi da aka yi wa oda tun 2012 aka daɗe ana jan ƙafa a kansa, a ware wa waƙoƙin da ke cikin rajista rabonsu.

Na huɗu, Nijeriya da Benin da Nijar duk suna cikin Yarjejeniyar Bern, wadda ta wajabta a ba baƙon mai fasaha kariyar da ake ba ɗan ƙasa. Abin da ya rage shi ne musayar bayanai da kuɗi tsakanin ƙungiyar Nijeriya da BUBEDRA da BNDA a kan waƙoƙin Hausa da Dandanci da Fulatanci musamman, domin makaɗin Gaya ko Malanbil da ake sake rerawa a Kebbi shi ma yana bin mu bashi.

Na biyar, kafin kuɗi ya fara shigowa a zauna da malaman gado da masarautu da ƙungiyoyin makaɗa a tsayar da ƙa'idar rabo tsakanin gidan jagora da gidajen 'yan amshi, kada lada ya zama sanadin raba zumunci.

Kammalawa

Ba a sa ran ladan naɗa zai azurta kowa a Bagudo. Abin da zai shigo da farko ƙalilan ne. Amma wa'adin shekara saba'in tafiya yake yi, shaidu kuma suna raguwa, rumbunan kamfanonin intanet kuwa ana cika su kullum da sunayen da ba na masu waƙa ba. Gyaran rajistar da aka riga aka yi ba daidai ba ya fi yin ta tun farko wuya da tsada. Masana Hausa sun shafe rabin ƙarni suna tabbatar wa duniya cewa makaɗin baka mai fasaha ne na ƙin ƙarawa, mai suna da salo da tarihi. Abin da ya rage shi ne a fitar da wannan shaida daga ɗakin karatu a kai ta inda ake rabon haƙƙi, tun masu iya cewa «ina wurin aka yi wannan waƙa» suna raye.